Ɗan kwikwiyon ofishinmu da la'asar ta yi sai ya birkice, dan Allah ku ba ni shawara

Mai Zane:
Salam jama'a, masu sanin harkar karnuka dan Allah ku matso kusa. Ogan mu ya samo wani ɗan kwikwiyo, yanzu watansa 3, Duna sunansa, kuma da yake babu kowa a gidansa da rana kullum tare suke zuwa ofis. Mu ba mu da yawa, falo ɗaya ne babba kowa da teburinsa sai ofishin oga daga ciki. Da safe wallahi abin sha'awa, yana shigowa zai fara zagaye, ya shinshina takalmin wannan ya cusa kai a jakar wancan, yana kaɗa jela har bayansa gaba ɗaya na murɗawa, ya sha ruwa ya jiƙa kunnuwa, a zuba masa abinci ya lashe kwano tas ya zo ƙarƙashin teburina ya ɗora haɓa a kan ƙafata. Har sha biyu lafiya lau. Amma daga azahar ta gota zuwa la'asar sai ya birkice, gudu yake daga wannan bango zuwa wancan, ya cafki ƙafar wando yana ja yana gurnani, ya tasa firinta gaba da haushi, jiya ma ya datse wayar cajar wata abokiyar aikinmu gida biyu Allah ya sa ba a jone take ba. Oga kuma rabin yininsa a mitin yake to ɗawainiyar kaina take faɗowa tunda ya fi sabawa da ni. Ina son karen nan sosai, ba na so abin ya kai ga a ce a daina kawo shi. Halinsa ne haka ko akwai abin da ba ma yi daidai?

Uwar Biyu:
Ɗan'uwa tambaya ɗaya zan maka, daga zuwanku zuwa tashi awa nawa yake samu ya yi barci? Barci na gaske fa, ba wanda zai lumshe ido minti biyar wani ya ce Duna zo nan ba.

Mai Zane:
Anti gaskiya ba wani mai yawa ba. Yana kwanciya dai, amma duk wanda ya miƙe zai je ɗebo ruwa ko ɗauko takarda sai ya tsuguna ya shafa shi, wasu ma ɗaga shi suke su yi hoto, in baƙo ya shigo kuma shi da kansa yake zabura ya je tarba.

Likitan Dabba:
To ai Hajiya ta riga ta gano bakin zaren. Malam Mai Zane, kwikwiyo mai shekarun Duna, wato mai watannin Duna zan ce, yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a kwana ɗaya. Ka yi lissafi da kanka, awa 4 zuwa 6 kacal ya kamata ya yi a farke cikin awa 24, ku kuma kun riƙe shi a farke kusan yini guda. Abin da kake gani da la'asar gajiya ce ta yi masa yawa. Hajiya mai 'ya'ya biyu ta san yadda yaro yake in lokacin barcinsa ya wuce bai yi ba, maimakon ya lafe sai rigima da fizge-fizge su tashi, to haka shi ma.

Abin yi, a samo masa keji ko a killace masa wani lungu da babu zirga-zirga, ba kusa da ƙofa ba, ba kusa da firinta ba, kuma ba inda iskar esi take bugawa kai tsaye ba. A shimfiɗa masa tsumma mai laushi a rufa wani zani a saman kejin ya ɗan yi duhu. In ya yi kamar awa ɗaya a farke, ya ci ya sha ya yi wasa an fitar da shi ya yi fitsari, sai a kai shi ciki ya yi barcin awa biyu. Doka ɗaya ce za ku kafa wa kowa har shi ogan: in Duna yana cikin keji babu mai taɓa shi, babu mai kiran sunansa, babu mai leƙawa. Kuma kar a taɓa jefa shi ciki don ya yi laifi, in ya ɗauki wurin a matsayin gidan horo ba zai ƙara shiga da daɗin rai ba. Da farko zai yi ɗan kuka, ku dinga ajiye masa 'yar lomar abinci a ciki da abin tauna, ƙofar a buɗe tukuna, har ya fara shiga da kansa.

Baba Akanta:
Ni kam ku yi min haƙuri, tunda muhawara ce bari in faɗi nawa. Ina jin kowa yana maganar yadda za a gyara wa kare zama, ban ji wanda ya tambayi mutanen da suke ofishin ba. Yaro, kafin ogan naku ya fara kawo shi ya tara ku ya nemi yardarku? Ko kawai gani kuka yi an shigo da shi? Domin na daɗe ina aikin ofis, na san abin da oga ya kawo ba kowa ke iya buɗe baki ya ce ba ya so ba, sai dai a yi yaƙe a yi shiru. Sannan kai zane aka ɗauke ka ka yi, yanzu ga shi ka zama mai rainon kare ba tare da an ƙara maka ko an rage maka aiki ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, wanda ya samo kare shi ke da kare.

Mai Zane:
Baba maganarka akwai gaskiya a ciki, ba a tambaye mu ba. Amma ni dai ban ga wanda ya nuna ba ya so ba, kuma ɗawainiyar ni nake yin ta da son raina.

Hajiya Sakatariya:
Ƙanena, rashin gani ba shi ne babu ba. A wani wuri da na taɓa aiki an riƙa kawo kare haka, akwai wata yarinya sabuwar ɗauka, shiru-shiru, kullum sai ka ga ta naɗe ƙafafunta a kan kujera tana aiki a haka, in za ta banɗaki sai ta tsaya ta hango inda karen yake tukuna. Ashe kare ya taɓa cizon ta tana ƙarama. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba don kar a ce sabuwa ce ta zo da iyayi, sai da na lura na ja ta gefe. Wani kuma asma gare shi, kullum atishawa da jan ido yana cewa mura ce. To irin waɗannan ba za su yi magana a gaban jama'a ba balle a gaban oga. Akwai kuma wanda ba tsoro ba alaji irin na mai atishawar nan, kawai ba ya son kare ya lashe shi ko ya taɓa masa kaya, kuma haƙƙinsa ne ba sai ya yi wa kowa bayani ba. Ku tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya a keɓe, ko a ajiye kwali kowa ya jefa takarda ba suna.

Likitan Dabba:
Hajiya kin taɓo wuri mai muhimmanci. Kuma mutane suna ɗauka gashin ne ke kawo alajin, alhali abin da ke tayar da shi yana cikin miyau da ɗan garin fatar da ke zuba daga jikin kare, yana maƙalewa a kafet da kujerun yadi da labule ya daɗe a wurin ko karen ba ya nan. Shi ya sa babu wani nau'in kare da za a ce maka kwata-kwata ba ya tayar da alaji, ko da mai gajeren gashi ne.

Ɗan Kwamfuta:
Haba Baba, ai wannan ba sabon abu ba ne a duniya fa. Kamfanin Amazon a birnin Siyatil na Amurka tun farkon kafuwarsa suna da kare a ofis, Rufus sunansa, har gini suka sa wa sunansa, yanzu dubban karnuka ne ke da rajistar shiga ofisoshinsu. Google ma a cikin ƙa'idojin ma'aikatansu sun rubuta ƙarara cewa su kamfanin masu kare ne. A Amurka har rana guda ake warewa duk shekara, wata Juma'a cikin watan Yuni, ta zuwa da kare wurin aiki, ƙungiyar Pet Sitters International ce ta fara ta a can a 1999. Kuma an yi bincike a 2012, malaman jami'ar Virginia Commonwealth suka je wani kamfani a jihar Karolina ta Arewa suka gano waɗanda suka zo da karnukansu damuwarsu raguwa take yi yayin da yini ke tafiya, waɗanda suka baro nasu a gida kuma tasu ƙaruwa take. Ni a ganina alheri ne Duna ya kawo musu.

Baba Akanta:
Ɗana na ji, kuma ban ce ƙarya ka yi ba. Amma ka duba da kyau, binciken da kake faɗa a kamfani ɗaya aka yi shi, mutanen ba su kai 80 ba, kuma masu karen su suka ga dama suka zo da nasu, dama mai son abu ai zai ji daɗi in yana gefensa. Kai da bakinka kuma ka ce rajista ake yi a Amazon, wato akwai tsari, akwai wanda za a kama in wani abu ya faru, akwai filin da aka tanada. Ba haka kawai aka saki jaririn kare tsakanin wayoyin lantarki ba. Su Mai Zane me suka rubuta? In ya ciji baƙo wa zai biya kuɗin asibiti? In ya ɓata fayil ɗin wani fa? Cajar da ya datse ma wa ya biya?

Mai Zane:
Cajar dai oga ya sayo mata sabuwa Baba. Sauran kam babu komai a rubuce.

Maman Ofis:
Ni tambayata ta ƙasa ce, fitsari da kashi wa ke kwashewa? Don Allah kar ku ce min mai goge-gogen ofis. Matar nan ko mutumin nan ba don wannan aka ɗauke su ba, kuma su ne suka fi kowa rashin bakin magana a wurin. Na ga inda ake yi, masu wasa da kare daban mai kwashe ƙazantarsa daban, abin yana min ciwo wallahi.

Mai Zane:
A'a Mama, in oga na nan shi ke yi in ba ya nan ni. Amma yana yawan yi a kan kafet, kusan wuri ɗaya kusa da kabad ɗin fayil, mun goge mun goge yana komawa.

Likitan Dabba:
Yana komawa ne don ku kun daina jin warin shi bai daina ba, hancinsa ba irin namu ba ne. A wanke wurin da maganin da ake sayarwa musamman don fitsarin dabbobi, a guji duk abin wanki mai amoniya don ƙamshinsa kusa yake da na fitsari, ƙara kiransa zai yi. In da hali ma a naɗe kafet ɗin a ajiye na wasu watanni. Ɗan wata 3 iyakar riƙonsa awa 3 zuwa 4 ne in yana kwance, in yana wasa kuwa ko awa ɗaya ba lallai ya kai ba. A fitar da shi da ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, wuri ɗaya kullum, yana gamawa a yaba masa a ba shi 'yar loma nan take ba sai an dawo ciki ba. In kun ga ya fara zagaye yana shinshinar ƙasa ku sunkuce shi. Duka ko goga masa hanci a fitsarin ba ya koya masa komai sai dai ya koyi ɓuya bayan kabad ya yi.

Amma ni abin da ya fi damuna tun ɗazu riga-kafi ne, ya kammala? Allurar su parvo da distemper, cututtukan da ke kama karnuka, ana fara ta a sati 6 zuwa 8, a dinga maimaitawa duk bayan 'yan satittika har ya kai sati 16, kenan Duna bai gama ba. Ƙwayar parvo kuma tana iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, a tafin takalmi ma ana shigo da ita, shi kuma ka ce gaisuwarsa ta safe shinshinar takalma ce. In kun ga amai da zawo mai jini da kasala kar a jira gari ya waye. Allurar haukan kare daga sati 12 ake yi, wannan kam ba don shi kaɗai ba, don ku ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara kuma kusan duka daga cizon kare ne. Duk wanda haƙori ya huda wa fata, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan ya je asibiti, kar ya ce ai ɗan ƙarami ne. Sai maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska a kan lokaci, da wanke hannu kafin a ci abinci a tebur.

Mai Zane:
Dokta na duba katinsa yanzun nan a ofishin oga, an yi biyu saura ɗaya, ta haukan kare kuma sati mai zuwa aka rubuta. Cizon nasa bai taɓa fasa wa kowa fata ba tukuna amma haƙoran kamar allura.

Uwar Biyu:
Ka shirya don tauna yanzu ma ya fara. Karenmu da ya kai wata 4 haƙoran nono suka fara zuba, kana shara sai ka tsinci ɗan mitsitsin haƙori a ƙasa, dasashinsa na ƙaiƙayi babu abin da ya bari, ƙafar kujera, igiyar takalmi, rimot. Guda 28 ne na farkon, 42 ke maye gurbinsu, sai wajen wata 6 zuwa 7 abin ke lafawa. Abin da ya taimake mu tsumma mai tsafta a jiƙa a murɗe a sa a firiza ya daskare a ba shi ya yi ta gwagwiya, amma kana kallonsa kar ya haɗiye zare. In ya kama maka hannu ko wando kar ka fizge kar ka yi ihu, shi wasa ya ɗauka, ka tsaya cak ka miƙa masa abin taunarsa, in ya ƙi ka tashi ka bar masa wurin na ɗan lokaci. Matsalar ofis ita ce kai ka hana wani ya zo ya ba shi yatsa yana dariya, shi kenan an rushe.

Ɗan Kwamfuta:
Wayoyin kam ni zan ce a tattare su duka a ɗaure a bayan tebur a ɗage su daga ƙasa, soket masu yawo ɗin nan a maƙale su a bango. Akwai robar da ake zura waya a ciki ma. Injin yayyaga takarda in kuna da shi a cire shi daga wuta in ba amfani ake ba, masu kunna kansu ɗin nan suna iya kama harshen kare.

Likitan Dabba:
Madalla. A haɗa da kwandon shara mai murfi, jakunkunan hannu kuma su bar ƙasa, a nan haɗarin yake. Cakulan guba ne gare shi, baƙin ya fi muni. Inabi da zabibi na iya kashe masa ƙoda. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini. Cingam marar sukari mai sinadarin zailitol ƙwaya kaɗan ta isa ta zubar da sukarin jinin ɗan ƙaramin kare cikin ƙanƙanin lokaci. Ragowar kofi, farasitamol da aibuprofen da ke yawo a durowa, ƙaramin batir, fil, robar ɗaure takarda, duk abin da ya faɗi ƙasa bakinsa zai je. Abincinsa kuma mutum ɗaya ya dinga bayarwa, sau 3 a rana a auna, in kowa zai gutsura masa daga nasa za ku samu kare mai roƙo a tebur mai lalataccen ciki.

Baba Akanta, ranka ya daɗe, ba na jayayya da kai a kan neman yarda da rubuta ƙa'ida, amma bari in faɗi ɓangaren karen. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 shi ne lokacin da kwikwiyo ke koyon abin da zai ji tsoro da wanda ba zai ji ba har girmansa. Wanda a wannan lokacin ya ga mutane iri-iri, mai gemu, mai tabarau, mai sanda, ya ji ƙarar waya da ƙofa da mota a hankali ba da tilas ba, shi ke tashi da natsuwa. Wanda aka kulle shi kaɗai a gida awa tara kullum shi muke yawan gani daga baya da tsoro da haushi da cizo. In zaɓin tsakanin ofis ne da gidan da babu kowa, ni ofis zan zaɓar masa, da sharaɗin barci da sharaɗin mai shi ya san nasa ne.

Baba Akanta:
Dokta na karɓi wannan, ban san da maganar satittikan nan ba. Amma ina nan a kan bakana, ogan ya rage mitin ko ya nemi mai zama da kare a gida rabin yini. Yaron nan in gobe ya samu wani aiki ya tafi fa, karen da ya shaƙu da ƙafarsa ya zai yi?

Hajiya Sakatariya:
Wannan tambayar ta Baba kar a wuce ta. Da dare da ƙarshen mako da lokacin hutu a ina yake?

Mai Zane:
Gida yake tafiya da oga Hajiya, bai taɓa kwana a ofis ba.

Na dawo da bayani jama'a. Na nuna wa oga duk abin da kuka rubuta, na Baba ma ban tsallake ba. An sayo keji an ajiye a ofishinsa bayan kujera, ba gefena ba, fitar da shi na rana kuma ya sa a jadawalinsa kamar mitin, ni sai in ya fita waje nake karɓa. Mun ajiye kwalin da Hajiya ta ce, takarda biyu suka fito da ba sa so ya zo kusa da teburinsu, ɗaya har ta rubuta cewa tun zuwansa ba ta iya cin abincinta a ofis, abin ya taɓa ni don ban taɓa lura ba. Yanzu an sa ɗan shinge a ƙofar oga, falo sai da igiya kuma ɓangarenmu kaɗai. Barci kam yana yi har da minshari da harba ƙafa, haukan la'asar ya ragu sosai, yana ɗan zabura ya yi gudu amma ba ya cafkar mutane. Firinta ce dai har yanzu ba su shirya ba, tana fara jan takarda zai miƙe gashin bayansa ya tashi.

Baba Akanta:
To ka ga mutum biyu. A rubuta ƙa'idar a manna a bango kuma, kar a bar ta a baki.

Likitan Dabba:
Ta firinta mai sauƙi ce. Ka tsaya da shi a nesa, inda zai ji ƙarar amma bai fara haushi ba, wani ya tura shafi ɗaya, tana fara ƙara ka ba shi loma, tana tsayawa ka daina. Ku yi sau kaɗan ku bari, gobe ku matso taku ɗaya. In ya ƙi karɓar lomar ko yana hamma yana lasar leɓe yana kauda kai to kun matso da yawa, ku koma baya. Kar a ɗauke shi a kai shi jikinta wai ya gani ba komai ba ne. In an yi masa allurar sati mai zuwa zai iya yin laushi ya ƙi ci sosai na yini ɗaya, ranar ku ƙyale darasin ya kwanta.